Dishi-dishi a Kwamfutar Malam: Tafiyata Wudil

Ana idar da sallar asuba ranar Juma'ar da ta wuce muka bar Zariya, ni da wani abokina mai mota. Ko shayi ban tsaya sha ba. Na jefa 'yar jakata a kujerar baya, a cikinta kaya kala ɗaya, sukundireba, da wayoyin kwamfuta da na kwaso daga shago ban ko tsaya tantancewa ba. Shi abokin nawa babu abin da ya haɗa shi da kwamfuta. Da na ce masa Wudil za ni, sai ya ce ya daɗe yana jin labarin kifin garin, kuma motarsa tana bukatar doguwar hanya. Ban yi masa musu ba, don na san yadda motar haya take ranar kasuwa.

Bari in gaya muku abin da ya tashe ni. A Wudil na yi jami'a, kuma akwai wani malami da ya koya mana awon ƙasa da zanen taswira, wato aikin safiyo. Ni ban bi layin ba, rayuwa ta karkata da ni zuwa gyaran kwamfuta, amma ban yanke zumunci da shi ba. Ya yi ritaya ya zauna a garin. Ranar Laraba autarsa ta kira ni, muryarta ba daɗi. Ta ce, "Yaya, Baba ya ce ya ajiye aiki gaba ɗaya. Wai idonsa ya ƙare, ko rubutun kwamfuta ba ya iya rarrabewa." Na tambaye ta ko sun je asibiti. Ta ce ya ƙi, wai ya san abin da za a gaya masa tunda yana da ciwon suga. Har zan kashe waya sai ta ƙara da cewa ita ma in ta duba tana ganin rubutun kamar an shafa masa mai, amma ta ɗauka tsufa ne ya kama na'urar.

Wannan maganar ce ta hana ni zama. Idon yarinya 'yar shekara ashirin da 'yan kai ba shi da dalilin ganin abin da idon dattijo mai ciwon suga yake gani. Na sa ta ɗauko min hoton sikirin ɗin ta turo, amma hoton sikirin a waya ba ya nuna komai. Ga shi kuma rabona da Malam ya kai shekara uku, kullum sai dai gaisuwar waya ranar sallah. Na ce mata ta yi shiru, ina nan tafe.

Hanyar Kano da safe tana da daɗin bi. Damina ta ɗauke ba da daɗewa ba, gari bai bushe ba tukuna. Dawa ta sunkuyar da kai a gonaki, an girbe gero an jingina, nan da can kuma sai ka ga mutum ya yi sammako yana tuge gyaɗa. Mun tsaya a Kwanar Ɗangora muka karya da shayi da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance har abokina ya ɗaga ɗaya yana tambayar mai tuyar ko wannan ɗan ƙosai ne, uwarsa tana ina. Ta ce ya je ya tambayi masu wake. Gaskiyarta ce. Abin da a da zai ƙosar da mu biyu har mu yi guzuri, yanzu da ƙyar ya toshe mana baki.

Daga Kadawa zuwa Kura kuwa shinkafa ce ta ci gari. An baza shanya a gefen titi, injinan casa suna ta ƙara tun da sanyin safiya, ƙanshin turaren shinkafa yana shigowa mota. Ba mu shiga cikin Kano ba, muka bi ta gefe muka ɓulla Mariri, muka ɗauki hanyar Wudil. A nan na tuna cewa Juma'a ce ranar kasuwar garin. Manyan motoci cike da shanu, akori-kura cike da awaki, masu babur da tunkiya a rungume kamar jaririya, kowa gaba ɗaya ya nufa. Tafiyar da ban taɓa ɗauka da nisa ba lokacin ina ɗalibi ta ci mana fiye da awa guda.

Cunkoson ya tsayar da mu daidai kan gada, kuma ban ji haushi ba. Na sauke gilashi ina kallon kogin. Ruwa ya fara ja baya, masu haƙar yashi suna nutsewa suna fitowa da bokiti suna juyewa a kwalekwale, tifofi sun yi layi a bakin gaɓa. Shekara huɗu na yi ina ƙetare wannan gadar, amma ban tuna ranar da na taɓa tsayawa na dube ta da kyau ba. Lokacin kullum sauri nake yi, ko zuwa lacca ko gudun gida.

Mun isa gidan Malam da hantsi. Yana zaune a zaure kan buzu, rediyo a gefensa. Ya rame, ya ƙara furfura, amma muryar tana nan. Tun ina sallama ya gane ni. Ya ce, "A'a, Injiniya! Yau hanya ce ta ɓace maka?" Haka yake kirana tun da ya ji na koma gyaran kwamfuta, rabi girmamawa rabi tsokana. Na durƙusa muka gaisa. Ya tambayi mahaifiyata, ya tambayi iyali, ya tambayi shago, ya tambayi Zariya da ruwanta na bana, ya koma kan abokina ya yi masa irin wannan tambayar kamar ya san shi shekara goma. Aka kawo mana fura mai sanyi a ƙwarya. Sai da muka sha muka huta sannan na ce masa na ji an ce ya ajiye aiki.

Ya kalli ƙofar cikin gida inda ya san autar tana laɓe. Sannan ya ba ni labari. Akwai wasu gidaje biyu a wani ƙauye ta wajen Lajawa, jikokin mutum ɗaya ne, gonakinsu na fadama suna jere. A daminar bana rafi ya yi ambaliya ya tafi da turakun siminti biyu da ke kan iyakarsu. Da ruwa ya janye, kowa ya nuna inda yake ganin iyaka take, wuraren kuma ba su zo ɗaya ba. Magana ta yi zafi har aka daina gaisawa. Mai unguwa ya tuna cewa Malam ne ya auna fadamar shekarun baya, sai ya zo da kansa ya roƙe shi. Gidajen biyu suka ce ba za su je kotu ba, duk abin da Malam ya faɗa sun yarda.

Ya ce, "Ka ga wannan yardar tasu, ita ce ta fi damuna. Littafin awon nan gara ta cinye shi tuntuni, hotonsa kaɗai ya rage a kwamfuta. Ina duba lamba, ban sani ba uku ce ko takwas. In na ƙara mata girma takan fito, amma zuciyata ta riga ta daina yarda da idona. In na ɗauki ƙasar wani na ba wani, me zan gaya wa Ubangiji? Gobe zan aika wa mai unguwa ya nemi wani."

Na tambaye shi ko akwai wanin da za su yarda da shi. Ya ce babu, kuma ga lokacin dashen albasa ya ƙarato. Na ce to ya ba ni izini in ga kwamfutar, tunda na riga na zo. Ya yi 'yar dariya ya ce kwamfuta lafiyarta ƙalau, mai ita ne ya lalace, amma in shiga.

Ɗakin karatunsa ƙarami ne, taswirori a naɗe a kowane lungu. Kwamfutar irin wadda komai nata yake cikin jikin sikirin ce, babu wani akwati daban. Tsofaffin ɗalibansa ne suka haɗu suka saya masa lokacin ritaya. Autar ta yi min bayani cewa cikinta ya tsufa, ba ya iya ɗaukar manhajar zanen taswira, sai ya yi ta tsayawa. Shi ne wata biyu da suka wuce ta ba Baba laftof ɗinta. Shi kuma ya ce sikirin ɗin laftof ya yi masa ƙanƙanta, sai wani mai gyara ya nuna musu cewa babbar tana da kafar shigar da hoto a bayanta, ana iya mayar da ita sikirin kawai. Aka haɗa, hoto ya fito, kowa ya yi murna. Na tambaye ta yaushe Baba ya fara kukan ido. Ta ƙirga da yatsu, sai ta ɗago tana kallona: ashe tun lokacin haɗin nan ne.

Na kunna. Ni kaina da lafiyayyen idona sai da na ƙifta. Haruffan sun yi kauri, gefensu ya narke, da'ira ta koma kamar ƙwai. Na ce wa Malam ya matso in yi masa bayani da yaren da ya fi ni sani. Kowane sikirin yana da adadin ɗigo-ɗigon da aka ƙera shi da su, ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. Nasa 1920 ne a kwance, 1080 a tsaye. Wannan shi muke kira rizolushan. In abin da ke turo hoto ya turo daidai wannan adadi, kowane ɗigo sai ya zauna a gurbinsa. In ya turo ƙasa da haka, sai sikirin ya ja hoton ya miƙe shi don ya cika fuska. Kafin in ƙarasa ya ce, "Kamar a ɗauki ƙaramar taswira a hura ta a injin fotokwafi. Layi ya yi kauri, amma ba abin da ya ƙaru." Na ce ko ni ban taɓa faɗarsa da kyau haka ba.

Matsala ta farko ba ta da wuya. An bar laftof ɗin yana nuna abu ɗaya a sikirin biyu, don haka babban yana bin adadin ƙaramin. Na canza, na ce ya nuna a babban kaɗai. Hoton ya ɗan gyaru, amma da na buɗe jerin adadin da za a zaɓa, babu 1920 a ciki, ya tsaya can ƙasa. Na gwada tilasta masa da hannu. Sikirin ya yi baƙi ƙirin na 'yan daƙiƙu, ya dawo yadda yake. Na ga Malam ya gyara zama irin na wanda dama bai sa rai ba.

Na leƙa baya na bi wayar. Ashe laftof ɗin ba shi da kafar HDMI, irin wadda babbar kwamfutar take karɓa. Sai mai gyaran ya yi amfani da tsohuwar wayar nan mai shuɗin kai da kusoshi biyu, ya cusa ta cikin wani ɗan akwatin roba mai juya hoto, daga nan wata waya ta tafi bayan sikirin. Wannan ɗan akwatin ne yake gaya wa laftof iya abin da zai turo, kuma shi iyakarsa ke nan. Na juya laftof ɗin na duba gefensa. Ga wata kafa nan mai kama da HDMI, sai dai kusurwa ɗaya ce kawai a yanke. DisplayPort ake kiranta, kuma tana iya fitar da cikakken hoto ba tare da wani akwati a tsakani ba. Autar ta ce ta taɓa gwada cusa waya a nan ta ƙi shiga, ta ɗauka kafar ce ta lanƙwashe.

Na zazzage jakata a kan tabarma. Wayoyin HDMI huɗu, caja biyu, har da wata wayar firinta da ban san yadda ta shigo ba. Wadda ake bukata kuwa babu. Na bar guda uku a rataye a shagona a Zariya. Abokina ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai bai taɓa zuwa ɗaurin aure ya manta hula ba.

Lokacin Juma'a ya yi, muka tafi masallaci tare da Malam. Na lura da yadda yake tafiya, yana ɗan karkata kai gefe ɗaya in zai ƙetare kwata. Bayan an sauko muka raka shi gida, ni da abokina muka shiga gari neman waya.

Neman abu a Wudil ranar kasuwa aiki ne. Mutane kafaɗa da kafaɗa, masu rake, masu kankana, masu tukwanen ƙasa, Fulani da sandunansu suna ratsa motoci kamar ba motoci ba. Duk shagon da na shiga, kafin in gama faɗar sunan wayar sai a ce akwai. A shiga ciki a yi ta bincike, a fito min da HDMI. In na nuna hoton kafar a wayata sai a ce ai duk ɗaya ne, in danna da ƙarfi. Wani ma ya ɗauko min irin ɗan akwatin da ya jawo duk wannan wahalar, yana rantsuwa cewa shi ne maganin matsalata. A tsakanin shago na uku da na huɗu abokina ya ɓace. Na same shi a gaban wata mai suyar kifi ya zauna ya miƙe ƙafa, an zuba masa yaji. Na zauna na taya shi. Ba zan ɓoye muku ba, labarin da ya ji gaskiya ne. Ciniki dai sai da aka ja, don tana ganin lambar motarmu ta san baƙi ne.

Har na fara tunanin komawa Kano in sayo, sai wani mai shago ya ce in gwada masu buga takardun ɗalibai ta wajen unguwar da suke haya. A can muka sami wata mata mai matsakaicin shekaru a shagonta, kwamfutoci uku da injin fotokwafi, tana gyara wa wani ɗalibi furojet, wato kundin kammala karatu. Na nuna mata hoton. Ba ta ce akwai ba, ba ta ce babu ba. Ta jawo wata durowa cike da wayoyi a cukurkuɗe, ta yi ta warwarewa har ta zaro ɗaya, kai ɗaya DisplayPort ɗaya HDMI. Ta ce ta wani laftof ce da ya mutu bara. Ta tambaye ni wa zan kai wa. Da na kwatanta mata Malam sai ta ce ai a wajenta yake buga taswirorinsa, kuma ta yi ta mamakin rashin ganinsa kwanan nan. Ta ƙi karɓar komai. Ta ce, "Ku dai gaishe shi, ku ce injina yana jiransa."

Bayan la'asar muka koma ɗakin karatu. Na cire ɗan akwatin da shuɗiyar wayar na ajiye gefe, na haɗa sabuwar. Sikirin ya tsaya baƙi. Na danna maɓallin da ke gefe mai sauya inda hoto ke shigowa, shiru. Na fara zufa. Sai autar ta leƙa baya ta ce, "Yaya, ba a nan take ba ɗazu." Ashe kafofin HDMI biyu ne a bayan, ɗaya ta fitar da hoto ɗaya ta shigar da shi, ni kuma cikin gaggawa na cusa a ta fitarwa. Mai shekara goma sha wani abu a sana'a ke nan. Na mayar da ita inda ya dace.

Hoto ya fito tas. Na buɗe jerin, ga 1920 da 1080 a sama. Na zaɓa. Layukan taswirar suka koma siri-siri kamar an ja su da sabon fensir. Na juya ina jiran yabo, sai Malam ya matso da fuskarsa ya ce, "Injiniya, ai ka ƙara ƙanƙanta shi." Gaskiya ya faɗa, rubutun ya fito sarai amma ya zama mitsi-mitsi. A nan ne mutane da yawa suke komawa su rage rizolushan don haruffa su yi girma, su sake faɗawa cikin dishi-dishin. Akwai wani wuri daban da ake ƙara girman rubutu ba tare da an taɓa adadin ɗigon ba. Na kai shi kashi ɗari da hamsin, na buɗe masa hoton tsohon littafin awon, na ja baya.

Ya daɗe yana kallo. Sannan ya fara karanta lambobin a bayyane, ɗaya bayan ɗaya, da irin muryar da yake kiran maki a aji. Autar tana tsaye a bakin ƙofa ta toshe baki da mayafi. Ya ce a buɗe masa sabon zanen da ya fara yi wa mai unguwa. Ya gwada wannan da wancan, ya sa yatsa a sikirin, ya tsaya. A littafin an rubuta mita talatin da takwas da ɗigo huɗu. A zanensa ya shigar da talatin da uku. Mita biyar na fadama, tsawon gona guda.

Na zaci zai yi farin ciki da ya kama kuskuren. Sai ya jingina da kujera ya yi salati a hankali. Daga baya ya rufe idon hagu da tafin hannu ya dubi sikirin, ya sauya ya rufe na dama. Ya ce, "Na dama ya dawo. Na hagun nan kuwa ba laifin kwamfuta ba ne." Autar ba ta bar damar ta wuce ba. Ta ce, "To Baba, Litinin mu je Kano a duba." Ya ce, "Allah ya kai mu." Wata biyu tana roƙonsa wannan kalmar.

Mun yi niyyar juyawa a ranar, amma Malam ya ce gobe da safe zai je fadamar da kansa, kuma ga mota Allah ya kawo. Muka kwana a ɗakin baƙi bayan tuwon dawa da miyar kuka da man shanu.

Da safe muka ɗauki hanyar Lajawa. Da muka sauka daga kwalta sai hanya ta koma turɓaya da kwazazzabai, abokina yana ta ba motarsa haƙuri kamar mutum. Muka yi ta wuce amalanken shanu ɗauke da harawa, mata suna sussuka a bakin gari, kowa ya ɗago ya yi mana sannu da zuwa ko bai san mu ba. Mai unguwa ya tarbe mu, aka aika aka kira dattawan gidajen biyu. Suka zo suka gaishe da Malam, suka gaishe da mu, amma su ba su kalli juna ba.

Kafin a fara komai Malam ya tsaya a gabansu ya gaya musu cewa ya yi kuskure a zanen farko, ya faɗi yawansa, ya faɗi wanda zai cutu da an tafi a haka. Babu wanda ya san da zanen nan sai mu, ba abin da ya tilasta masa faɗa. Sannan ya ce a fara daga turken da ruwa bai taɓa ba. Abokina aka ba bakin tef ɗin awo ya riƙe, ya shiga taɓo da takalminsa na zuwa biki, bai yi ƙorafi ba sai a mota. Malam ya saita na'urarsa, ya leƙa da idon dama, yana nuni da hannu a matsa nan a matsa can. Da aka kai talatin da takwas da ɗigo huɗu ya ce a kafa sanda, a haƙa.

Aka haƙa kamu ɗaya, yashi. Kamu biyu, yashi. Wajen na uku fartanya ta yi ƙara. Aka share da hannu, sai ga guntun siminti da ƙarfe a tsakiyarsa. Ashe ruwa bai tafi da turken duka ba, karya shi ya yi ya binne gindin. Kowa ya matso ya leƙa ramin.

Ba zan ce muku an yi ta murna ba. Ɗaya daga cikin dattawan ya riga ya tayar da kunyoyi ya zuba irin albasa a wurin da yanzu ya tabbata ba nasa ba ne. Ya tsaya yana kallon wahalarsa, fuskarsa ba walwala. Daga baya ya ce, "Na gani da idona. Na yarda." Ɗan uwan nasa ya yi ta tona ƙasa da yatsan ƙafa, sannan ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Yaya, bar irinka ya kai dashe. In ka cire sai in shiga." Mai unguwa ya ce a yi fatiha. Na lura a hanyar komawa gari su biyun ba su jera ba, amma ɗaya ya riƙe wa ɗaya fartanya lokacin ƙetare rafi.

Aka cika mana but ɗin mota da rake da gyaɗa, aka ɗaure mana zabi biyu da suka yi ta kuka har Zariya. Mun sauke Malam a gida bayan azahar. Na liƙa 'yar takarda a bayan kwamfutar na nuna kafar da ake sa waya, na kuma nuna wa autar inda ake ƙara girman rubutu. Ya rako mu har bakin mota yana sa albarka. Hanyar dawowa ba cunkoso, gadar fayau, muka shiga Zariya ana kiran magariba.

Ranar Litinin autar ta turo min saƙo. Likita ya ce yanar ido ce a na hagun, kuma ana cire ta, an ba su rana. Sugan bai taɓa idon ba tukuna, amma an ja masa kunne.

Tun da na dawo nake juya abin a raina. Mutum mai ilimi irin Malam, wanda ya koya mana kada mu yarda da awo sai mun sake aunawa, da abin ya zo kan jikinsa bai tuhumi na'ura ba ko sau ɗaya, kansa ya tuhuma. Ina jin haka yawancin dattawanmu suke da waɗannan kayan namu. In abu ya ƙi, sai su ce su ne suka tsufa, su ja gefe su yi shiru, mu kuma mu bar su a haka.

Abin da ya fi tsaya min kuwa nawa ne. Mai gyaran da ya haɗa wa Malam ɗan akwatin nan ba mugu ba ne, hoto ya fito, ya ga aiki ya yi, ya tafi. Ni ma na sha yin irinta. Dattijo ya zo shagona ya ce rubutu ya yi masa ƙanana, in rage masa rizolushan cikin daƙiƙa biyar don in koma kan wani aikin, ya yi godiya ya tafi gida da dishi-dishi. Ban taɓa tambayar kaina me zai je ya karanta da shi ba. Da na buɗe shago jiya, kafin in taɓa komai, na zauna na tuno mutum uku da na san na yi wa haka. Na nemo lambobinsu na kira su ɗaya bayan ɗaya, na ce su dawo min da kwamfutocinsu, akwai abin da ban ƙarasa ba.